Injin Jirgi a Tsakar Gidanmu

Rubuta, jikata, kafin kukan ya dawo mini.

Ina yarinya, babana kan tafi kamun kifi Tafkin Chadi da rani. Wata shekara ya dawo Matameye da tsohon injin jirgin ruwa, ya kwashe damina yana gyara. In bai tashi ba, babu tafiya, ga rumbunmu rabi.

Ba a tayar da shi a bushe, ƙonewa yake. Muka cika duro da ruwan rijiya, Inna tana mita: "Jirgi a garin gero, Malam? Ina kogin?"

Baba ya tsoma gindin injin, ya nuna mini wata 'yar huda. "Zuba ido nan, uwata. Sai ya tsarto ruwa ake kwance igiya a bar gaɓa."

Ya ja zaren tayarwa, ya sake ja. Injin ya yi tari, ya kama. Ruwa ya tsarto mini a fuska, da ɗumi, da warin fetur. Inna ta rangaɗa guɗa.

Tun rasuwar kakanki ban taka ƙofar gida ba. Ɗazu yayanki ya tayar da babur, warin ya shigo ɗaki, sai na ji ina dariya. Miƙo mini mayafina.