Tsatsar Ƙofar Inna

Tun da aka canja ƙofofin gari da sabon ƙarfe, kowane hannu da irin tsatsar da guminsa ke bari. Ta Ɗanjuma ja ce, ta wansa Lurwanu rawaya. Ƙofar mahaifiyarsu ta rine da rawaya, har maƙwabta kan tsaya su duba suna sa wa Lurwanu albarka.

Abin ya tsaya wa Ɗanjuma a rai. Ran nan da tsakar rana ya sha gudu ya jiƙe, ya zo yana goga tafukansa a ƙofar, ja na hawa kan rawaya.

"Wa ke shafa mini ƙofa kamar mai lallashin akuya?" in ji Inna daga ciki.

"Ni ne, Inna. Wucewa nake."

"Kullum wucewa kake. Shigo ka rufo ta."

Ya shiga, ya juya zai rufe, sai hannunsa ya tsaya. Bayan ƙofar, inda maƙwabta ba sa gani, rawaya ce zalla, ta yi kauri har tana zuba. Ya duba sama da ƙasa, babu ko ɗigon ja.

"Rufe mana," in ji Inna, "ka zo ka zauna."