Foldar da Saminu Ya Goge

Kwamfutar ta ƙi tashi, sai Malam Sanda, malamin firamare, ya naɗo ta cikin sallaya tun daga Gwashi har shagon Saminu a Gummi.

"Akwai abu guda a ciki, ɗan nan. In ya salwanta, ba ni da wani."

"Wanne ne, Baba?"

Dattijon ya dubi baƙin samari masu haƙar zinari da ke cajin waya a benci.

Saminu ɗan birni ne. Zinari ya kawo shi Zamfara, da haƙa ta ƙi shi ya koma gyara. Hannunsa na da kyau, matsalarsa ɗaya, gani yake ya gama sanin mutane. Ya kwashe komai zuwa ma'ajiyarsa ta bayanai, ya yi wa kwamfutar fomatin, ya wanke ta tas, ta tashi garau. Tunda cutar bairos ta shiga fayiloli da yawa, ya ce sai an zaɓi abin da za a mayar. Ya shiga kiran sunayen foldoji da ƙarfi.

"Jarrabawar ɗalibai?"

"Mai da."

"Tafsiri?"

"Mai da."

"Rufaida?"

Malam Sanda ya kau da kai, ya hau gyaran hula.

"Baba, Rufaida fa?"

Aka kira la'asar, ya zura takalmi ya nufi masallaci.

Saminu ya buɗe foldar. Hotunan wata budurwa ne, tana dariya a gona, ga kuma muryarta tana waƙa. Samarin suka leƙo, suka tuntsire.

"Ashe tsoho ma yana taɓawa," in ji ɗaya.

Saminu ya ce ai shi ba ya tona asirin manya. Ya danna, ya goge. Ya share ma'ajiyarsa tas, yana jin kansa mai amana.

Da Malam Sanda ya dawo, ya bi foldojin da yatsa har ƙasa, ya sake komowa sama.

"Na rufa maka asiri, Baba," in ji Saminu, yana kashe ido. "Ko a wajena babu ita."

Dattijon ya miƙe. Ya naɗe kwamfutar ya fita, dariyar samarin na bin sa. Ta yaya zai tambaya? Shi da saboda kunya bai taɓa amsa zancen Rufaida, 'yarsa ta fari, a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, ko ranar da ya sa ta a kabari.