Ruwan da Japheth Ya Ƙi Sha

Wata huɗu ke nan da aka yi wa Japheth aikin hanji, aka buɗe masa 'yar kafa a gefen ciki, inda bayan gida ke fita ya taru cikin jakar roba da ake liƙawa a fata. Likita ya ce ya koma tuƙin keke napep ɗinsa tsakanin Samaru da Sabon Gari, ya ci, ya sha ruwa sosai, ya kusanci iyalinsa. Na ƙarshen nan ne babu wanda ya sake ɗaga zancensa, daga shi har matarsa Dinatu.

Ita tsoro take kada ta fama masa ciwo, sai ta riƙa matsawa bakin gado. Shi kuwa ya ɗauka ƙyama ce. Da kewar mijinta ta ishe ta, ta kai kuka wurin maƙwabciyarta Bibiana, wadda ta ba ta turaren wuta ta ce, "Ki turara ɗaki kafin ya dawo. Namiji ba sai an yi masa bayani ba."

To, wannan namijin sai da bayani. Ya dawo da yamma, ya shaƙi ƙamshi, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Warin har ya kai haka, Dinatu?"

"Wane wari, Baban Happiness?"

"Bar shi kawai."

Ya ɗauki tabarma ya koma falo. Ita ta zauna cikin sabon zaninta tana hawaye, a zatonta ya daina sonta. Abin takaici, magana ɗaya ta isa, amma kunya ta rufe bakin kowa.

Daga ranar Japheth ya yanke wa kansa shawarar da babu likitan da ya ba shi: idan bai ci ba, bai sha ba, jakar ba za ta cika ba. Cikin zafin Afrilu yake yini yana tuƙi da ruwan leda ɗaya. Tuwon gida kuwa, loma biyu ya rufe kwano.

"Ko akwai inda kake ci ne?" in ji Dinatu. Ya tashi ya fita, ta ɗauki hakan a matsayin amsa.

Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Sabon Gari yana sauke wa fasinja kaya. A asibiti aka ce rashin ruwa ya lalata masa ƙoda.

Da nas ta zo canza jakar, ta ce Dinatu ta kama mata. Ranar Dinatu ta fara ganin jakar da idonta, 'yar aba da ba ta wuce tafin hannu ba.

"Wannan ɗin ce ta raba mu?" ta faɗa tana kuka. "Ni kai nake so, ban taɓa ƙyamarka ba!"

Japheth bai ji ba, ya riga ya fita hayyacinsa. Bayan kwana biyu ya rasu.

Jama'a, jakar ciki ba ta hana zaman aure, ba ta kuma hana ci da sha. Idan ciwo ya shigo gida, miji da mata su buɗe baki su tambayi juna, su tambayi likita, tun mai ciwon yana iya ji.