Fitilar Manaja Pyo

Ganye na uku ya yi rawaya ranar Litinin, kuma tun daga lokacin kujera ta daina riƙe Manaja Pyo. Ya zauna, ya tashi, ya juya tukunyar furen, ya taɓa ƙasarta da yatsa, ya koma ya zauna.

Furen okid ne, irin mai dogayen ganye siraran nan da ake aika wa mutum idan an ƙara masa girma. A kamfaninsu na ƙera tukwanen dafa shinkafa a Seoul, teburin da bai samu okid ba ranar ƙarin girma, mai shi ya fara neman wani aiki. Na Pyo kuwa ba irin na kowa ba ne. A jikin zirin ƙyallen da aka ɗaura masa, da manyan baƙaƙe, sunan Shugaban kamfani ne. Ranar da furen ya zo, ma'aikata sun tarar da shi a kan tebur tun kafin masu kawo saƙo su fara shigowa. Tun daga ranar ake rusuna wa Pyo fiye da da.

Matsalar ita ce ofishinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, babu taga. Ga kuma al'adar gidan: furen Shugaba idan ya mutu ba a jefar da shi a shara. Ana ɗaukarsa da ƙyallensa a kai wa sakatariyarsa, Madam Yeom, ta duba jerinta na waɗanda Shugaba ya aika wa fure, ta rubuta. Pyo ya gwammace ya haɗiye tukunyar da ya yi wannan tafiya.

Don ya sama wa furen haske, ya fara da tsohon ƙwan lantarki da ya kwance daga banɗakin gidansa. Cikin kwana huɗu bakin ganyen ya ƙone kamar an goga masa dutsen guga. Ana haka sanarwa ta fito: bazara ta shigo, a rage shan wuta, kada a ga wani abu a tebur da ya wuce wat goma. Wadda za ta zagaya ta duba kuma Madam Yeom ce. Pyo ya ji takun takalminta a matakala, ya zare soket, ya shige banɗaki sai da ta wuce.

Da hutun rana ya bar miyarsa tana tiriri ya ruga layin masu fitilu na unguwar Euljiro. Ya dawo da wata mai haske ruwan hoda-hoda, wadda kwalinta ya yi alkawarin fure cikin wata guda. Wat ashirin ce, sai ya ɓoye ta a ƙarƙashin tebur tare da furen. Hasken ya malalo ƙasa ya rina masa ƙafafun wando, irin hasken da mahautan Seoul ke haska nama da shi.

"Manaja, ka buɗe shagon nama ne?" in ji wata ma'aikaciya. "A auna mini haƙarƙari."

Washegari ya koma Euljiro, wannan karon shagon wata tsohuwa da ake kira Iya Ok. Ya tsaya yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, yana karanta kwalaye kamar takardar asibiti.

"Kai, za ka saya ne ko ƙura ka zo share mini?" Ta ƙwace kwalin hannunsa. "Okid ne? Ga fara, wat tara, ba ta zafi. Taɓa ka ji. Taƙi biyu sama da ganye. Awa goma sha biyu, sannan ka kashe, shi ma yana barci. Ga agogon da zai kashe maka, tunda na ga ba ka da natsuwa."

"Iya, ba zai mutu ba?"

"In ka daina jagwalgwala shi."

Bai daina ba, amma furen ya yafe masa. Rawayar ta tsaya. Sabon ganye ya leƙo. Pyo ya riƙa auna taƙi biyun da rula safe da yamma, yana jin daɗi, har zuwa ranar da ya ga wani siririn kara ya miƙe daga gindi. A nan murnarsa ta tsinke, don in karan ya yi fure, idon kowa zai dawo kan tukunyar. Ya ɗaga fitilar sama. Ya rage mata awa biyu. Karan bai kula shi ba.

Ya buɗe fure biyar, ƙamshi ya cika ƙarƙashin ƙasa ya hau matakala. Mutanen bene na shida suka riƙa saukowa ɗaukar hoto. Labari ya kai sama: a ramin da ko gizo-gizo ke ƙorafin duhu, furen Shugaba ya yi fure da wat tara.

Ranar Juma'a Shugaba ya sauko da kansa, tsoho mai sanda, Madam Yeom na bayansa rungume da jerinta. Pyo ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

Shugaba ya shinshina furen, ya taɓa fitilar, ya karanta ƙyallen a hankali.

"Kai, ashe na iya zaɓe," ya ce. "Yeom, a sa irin wannan fitila a kowane ofis. Wannan mutumin kuma a ba shi wuri mai taga."

Ya juya ya nufi matakala. Madam Yeom ba ta bi shi nan take ba. Ta bi jerinta da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi, babu sunan Pyo, sannan ta ɗago ta dubi Pyo ta saman tabarau. Ta ciro biro, ta ƙara layi ɗaya a ƙarshen shafin, ta rufe.

"An gyara," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma Manaja, nan gaba idan za ka saya wa kanka fure da sunan Shugaba, ka sayi na roba."