Labulen Ɗakin Baba

Auna tagogi ta zo yi, domin ita tela ce, kuma ta rantse ba mai ɗinka labulen ɗakin aurenta sai ita. Injiniyan da za ta aura yana biye da ita, baki har kunne, yana nuna mata sabon fenti.

Tana ɗora tef a jikin taga ta hango mahaifinsa can ƙarshen tsakar gida, zaune a ƙofar sito tsakanin buhunan siminti, yana tari. Sandarsa tana jingine da janareta. Sai a lokacin ta gane ɗakin da take tsaye. A nan ta fara durƙusawa ta gaishe da tsohon.

"Wannan ba ɗakin Baba ba ne?" ta tambaya.

"A da," in ji Injiniya. "Ya fi ko'ina iska, shi ya sa na zaɓa miki. Tsoho ai duk inda ya kwanta barci ne."

"Shi ya ce ya yarda?"

"Bai ce komai ba." Ya kawar da kai. "Duk don ke na yi."

Ta naɗe tef ɗin a hankali. Har yanzu tana son sa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Kada ka ɗora mini wannan kayan. Don kanka ka yi."

"Yanzu a kan ɗaki za ki fasa aure?"

Ta ajiye masa makullin ɗakin da ya ba ta a bakin taga. "Wanda ya haife ka ma sito ka samo masa. Ni ranar da na fara tari, ina za ka kai ni?"