Mai Rauni a Fili na Uku

Orla Tuohy ta shigo fili na uku da gudu, jakar magani tana dukan ƙugunta, yayyafin watan Maris yana shiga mata ido. Minti goma sha biyu aka ba ta. Jarrabawar ƙarshe ce ta masu koyon jinyar 'yan wasa, kuma zuwanta na biyu ke nan. Ba a ba kowa na uku.

Bara kalma biyu suka kayar da ita. Ɗan wasan kwaikwayon da kwaleji ta ɗauko ya fito a matsayin mai rauni ya ce mata, "Na warke." Ta yarda, har ta miƙa masa hannu ya tashi. A takardar sakamako aka rubuta cewa da wuyansa a karye yake da gaske, da ta kashe shi. Bana kuwa ƙungiyar ƙwallon gundumarsu ta ce aiki yana jiranta, in ta zo da takardar shaida. Don haka ta rantse ba za ta ƙara yarda da bakin wanda ke kwance a ƙasa ba.

Kusa da raga ta tarar da mutum biyu. Ɗaya yana tsaye cikin doguwar rigar ruwa, da safa har gwiwa, riƙe da allo da biro. Ɗayan yana kwance a ciyawa, ƙafa a lanƙwashe, yana nishi kamar bijimi. Dattijo ne mai furfura, cikin kayan motsa jiki, da agogo rataye a wuya.

Bana har tsofaffi suke ɗaukowa, ta ce a ranta. Ta zube a gwiwa, ta cafke kansa da hannu biyu.

"Baba, kada ka motsa. Sunana Orla. A wane fili muke?"

"Dakata, 'yar nan, ai ba a..."

"Wa ya ci ƙwallon ƙarshe?"

"Wace ƙwallo? Ba a buga komai ba! Sakar mini kai!"

"Ba ya tuna wasan," ta faɗa da ƙarfi don na tsaye ya ji. "Ƙwaƙwalwa ta girgiza."

Mai allon ya gyaɗa kai, ya duƙufa da rubutu.

"Ba ni ba ne!" in ji dattijon.

"Bai ma san kansa ba," in ji Orla.

Ta daka wa masu ɗaukar majinyata kira. Tagwayen gidan Hennessy ne, Colm da Dara, ƙattai 'yan wasan zari-ruga, waɗanda aka umarta su bi duk abin da ɗalibi ya ce ba tambaya. Suka taho da katakon ɗaukar mai rauni. Ta sa almakashi ta yanke igiyar agogon, ta tsarga rigarsa daga wuya har ciki, sannan ta maƙala masa abin tare wuya, wanda ya tura haɓarsa sama har haƙora suka haɗu. Daga nan ihunsa ya koma gurnani.

Duk da haka ya samu ya narka wa Colm shuri a ƙwauri.

"Ƙafar dama tana aiki," Orla ta sanar.

"Baba, ka iya abinka," in ji Colm yana murza wurin. "Na bara ko tari bai yi ba."

Suka mirgina shi kan katako. Ta ɗaure ƙirji, ta ɗaure ƙugu, ta ɗaure gwiwa, ta bi goshinsa da filasta har layi uku. Fuskarsa ta yi jajir, idanunsa suna ta juyawa wajen mai allon. Shi kuwa ya matso, ya sunkuya yana kallon bakin dattijon, leɓunansa na motsi, ya ƙara rubutu.

Saura minti biyu. A ƙa'ida, ɗalibi ya ce "zan kira motar asibiti" ya wadatar. Amma Orla ba ta zo yin abin da ya wadatar ba. Akwai motar asibiti a bakin ƙofa, tana jiran wasan la'asar.

"Ku kai shi can," ta ce.

Tagwaye suka sure shi a guje. Direban motar ya ajiye kofin shayinsa, ya dubi wuyan, ya dubi filastar, ya buɗe musu ƙofar baya. Ƙofa ta rufu, jiniya ta tashi, motar ta miƙi hanyar gari.

Orla ta miƙe, gwiwoyinta sharkaf da taɓo. Tunda ta fara karatun nan ba ta taɓa jin ta yi aiki tsaf irin na yau ba. Ta je gaban mai allon.

"Yallaɓai, na san ba a faɗa a fili. Amma don Allah, na ci?"

Ya ɗago ya dube ta. Ya buɗe maɓallan rigar ruwan, sai ga gajeren wando da rigar ƙwallo mai lamba tara.

"Ni kike tambaya, 'yan mata? Ni ne mai raunin. Dakta Dunphy ya kwanta ne ya nuna mini yadda ake nishi, sai kika iso, na ɗauka duk cikin darasin ne." Ya leƙa hanyar da motar ta bi. "Shi ne mai ba da makin."