Murya a Kunne

Sai da mota ta sauke shi a bakin tsohon garin jami'a sannan tsohon telan ya lura ya baro hularsa a gida. Bai damu ba. Ya ja gwiwarsa mai ciwo zuwa rumfar tikiti, ya ce a sa shi a rukunin safe, na yarinyar nan mai koren mayafi. Mai sayar da tikitin ta dube shi kamar za ta ce wani abu, sai ta haɗiye. Da take miƙa masa takardar ne ta ce ya yi sa'a, yau yarinyar za ta yi zagayenta na ƙarshe. Ta gama karatu, jibi za ta tashi wata ƙasa aiki.

Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar dutsen guga. Abu ɗaya ya kawo shi, yarinyar ta dube shi ido cikin ido ta faɗa masa kalma ɗaya wadda ba ta kowa ba. In ba yau ba, shi ke nan.

A ƙofar kwaleji ta farko aka raba wa baƙi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne, tunda ba a ɗaga murya a ɗakunan karatu. Jagora takan yi raɗa ne, kowa ya ji ta a kunnensa. Kowa a rukunin da nasa: ango da amarya masu ɗaukar hoto har da kwandon shara, ɗalibai masu tura juna, sai wata mata mai lema wadda bakinta ba ya hutawa. Shi kaɗai ne ba wanda zai ce wa "kai, dubi can".

Yarinyar ta fara. Ta nuna musu tsakar gida mai ciyawar da aka hana takawa, da ɗakin cin abinci mai dogayen tebura da hotunan malaman da suka shuɗe, duk fuska a murtuke kamar an ci musu abinci. Da ta zo kan labarin malamin da aka kulle cikin laburare bai ma sani ba, tsohon ya riga kowa dariya, tun ba ta kai ƙarshe ba. Mai lema ta harare shi.

Ya ga ta rame. Ya ga bakin hannun rigarta ya fara warwarewa, aikin minti kaɗan in da allura.

A babban laburare littattafai sun hau har rufi, wasu ɗaure da sarƙa, ga ƙamshin tsohuwar fata. Nan muryarta ta koma raɗa sosai. Ya lumshe ido ya danna na'urar a kunnensa, ya bar kansa ya yarda cewa da shi kaɗai take. Kewa ta cika shi har ya dafa kantar littattafai. Da suka zo matakalar hasumiya mai murɗewa, ta rage sauri ba tare da ta waiga ba, ta ce a bi a hankali saboda masu ciwon gwiwa.

A sama ya yi ta maza ya ɗaga hannu, ya tambayi shekarun ƙararrawar da ke rataye a wurin. Ta ba shi amsa tsaf, cikin ladabi, idonta a kan ƙararrawar. Da angon ya yi tambaya kuwa, fuskarsa ta duba, har da murmushi.

Zagaye ya ƙare a bakin kogi, bayan kwaleji ta ƙarshe. Ta tsaya da kwando, kowa ya jefa na'urarsa ya wuce. Tsohon ya bari sai da layi ya ƙare. Bai jefa tasa ba, ya miƙa mata hannu da hannu. Duk maganar da ya shirya a mota ta gudu ta bar shi.

"An ce tafiya za ki yi," ya ce.

"Mun gode da ziyara, Malam. A sauka lafiya."

Abin da ta faɗa wa kowa ke nan. Ta zare na'urar daga yatsunsa, ta rungume kwandon, ta shige wata ƙaramar ƙofa da baƙi ba sa bi.

A tasha mai lema ta zauna kusa da shi. Ta ce yarinyar nan akwai hankali, iyayenta sun yi dace, amma ta lura shi kaɗai yarinyar ta ƙi kallo. Ko ya san ta ne?

Ya daɗe yana murza tikitin kafin ya amsa.

"Ni na ce mata in ta taka garin nan da sunan karatu, ta nemi wani uban. Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta taɓa tsallake maganata ba."